Yadda Ake Gyara SYSVOL Idan Sabobin Domen Sun Daina Musayar Fayil

A ofishin da ke da hedikwata a Abuja da reshe a Jos, wannan matsala ba ta zuwa da hayaniya. Za a sauya wata doka a Group Policy, tsarin da ke saita kwamfutocin ofis daga wuri ɗaya, a ce daga yau allon kowace kwamfuta ya kulle kansa bayan minti 10, ma'aikatan Wuse su ga sauyin kafin azahar, na Jos kuma su yi mako ba abin da ya canja. Ko akawun reshe ya bugo waya ya ce, "Injiniya, faifan S ɗin da muke ajiye takardun albashi bai fito ba yau," alhali na kusa da shi nasa ya fito. Kowa yana shiga kwamfutarsa da kalmar sirrinsa lafiya lau, shi ya sa ba mai zargin saba. A ƙarƙashi kuwa, sabobin da ke riƙe da ragamar domen (haɗakar kwamfutocin ofis a ƙarƙashin iko ɗaya), waɗanda 'yan fannin ke kira DC, sun daina miƙa wa juna fayil.

Abubuwa biyu ne kowane DC ke musaya da 'yan'uwansa, kuma kowanne da hanyarsa. Akwai rumbun bayanan Active Directory, inda sunayen ma'aikata da kwamfutoci da kalmomin sirri suke. Akwai kuma foldar SYSVOL, inda fayilolin dokokin Group Policy da rubutun da ke gudana lokacin shiga kwamfuta suke zaune. Kowace doka rabi biyu ce, rabi a rumbun, rabi a SYSVOL, kuma akwai wani ɗan fayil mai suna GPT.INI da ke ɗauke da lambar sabuntawa wadda ya kamata ta dace da ta rumbun. Sabis ɗin da ke jigilar SYSVOL daga cikin Active Directory yake karanto umarninsa: wa zai ba, wa zai karɓa daga gare shi. Saboda haka idan rumbun ya tsaya, SYSVOL ma yana iya tsayawa, kuma duk gyaran da ka yi wa SYSVOL a wannan hali aikin banza ne. Daga ƙasa ake farawa.

A misalan da ke tafe, DC-ABJ ne sabar Abuja, DC-JOS ta Jos, sunan domen kuma ofis.local. Ka sa naka sunayen a gurbinsu.

Kafin ka taɓa komai

Kwafe foldar SYSVOL ta kowane DC zuwa wani wuri daban, kowace da sunanta da kwanan wata. Tana C:\Windows\SYSVOL\domain, ko C:\Windows\SYSVOL_DFSR\domain idan an taɓa yin ƙaura daga tsohon tsari. Yawanci ba ta da nauyi. Idan akwai hali, ka haɗa da ajiyar System State ta hanyar Windows Server Backup, sannan a Group Policy Management ka danna Back Up All.

Abu ɗaya da zan hana ka tun yanzu: kada ka kwashi fayiloli daga DC mai lafiya ka zuba su da hannu a cikin SYSVOL na mara lafiya. Na san dalilin da ya sa ake yi, manaja yana tsaye a kanka, kuma da zarar ka zuba, ƙorafi ya lafa. Amma izinin fayilolin kan canja, sabis ɗin na nan a tsaye yadda yake, kuma ranar da ya farfaɗo zai ɗauki abin da ka zuba a matsayin sabon sauyi ya yi ta rigima da ɗan'uwansa a kan wane ne daidai.

Wane sabis ne ke jigilar?

Biyu ne. Tsohon shi ne FRS, wanda ya zo tun Windows 2000. Sabon shi ne DFSR, wanda aka fara amfani da shi wajen SYSVOL daga Windows Server 2008. Maganinsu ba ɗaya ba ne, don haka ka buɗe Command Prompt da ikon admin ka rubuta:

`dfsrmig /getglobalstate`

Idan ya amsa da Eliminated, DFSR ne. Idan ya ce ba a fara ƙaura ba, har yanzu FRS ne. Kada sabuntar saba ta ruɗe ka. Domen da aka kafa a zamanin Server 2003 yana iya zama a kan FRS ko da sabobinsa na yanzu 2016 ne, domin ƙaurar ba ta yin kanta.

Daga nan ka tabbatar da ciwon da idonka. A kowane DC ka rubuta `net share` ka ga ko SYSVOL da NETLOGON suna cikin jerin. Sai ka ƙirƙiri ƙaramin fayil, ka ce abj.txt, a \\DC-ABJ\NETLOGON, wani kuma jos.txt a \\DC-JOS\NETLOGON. Ka lura, sunan sabar za ka yi amfani da shi, ba sunan domen ba, in ba haka ba ba za ka san wace saba ka buɗe ba. Jira kaɗan ka duba. Wani lokaci na Abuja ya isa Jos amma na Jos ya ƙi zuwa, wani lokaci ba wanda ya motsa. Wannan ɗan gwajin yana nuna maka ta wane ɓangare aka toshe.

Agogo, DNS, hanya, sannan Active Directory

Agogo farko. Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga domen, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin sabobi. `w32tm /monitor` zai jero maka duk DC da tazarar da ke tsakaninsu. Tsohuwar saba da ƙaramin batirin allonta ya mutu, idan wuta ta daɗe a ɗauke, takan tashi da wata shekara daban. Saba ta cikin Hyper-V ko VMware kuma takan ɗauki lokaci daga injin da ke ɗauke da ita maimakon daga domen. Ƙa'idar ita ce sauran su bi mai riƙe da matsayin PDC, wato DC ɗin da ke jagorantar sauran a wasu ayyuka, shi kuma ya bi agogon waje. `netdom query fsmo` zai gaya maka wane ne PDC. Rubuta sunansa, za ka buƙace shi nan gaba.

DNS, mai fassara sunan saba zuwa adireshinta, shi ne na biyu, kuma nan ne ake yawan kama ɓarawon. Duba katin sadarwar kowane DC da `ipconfig /all`. Idan ka ga 8.8.8.8 ko adireshin kamfanin intanet a matsayin DNS, cire shi. Yawanci wani ne ya sa shi ranar da intanet ta yi wuya a reshe, ya manta. DC ɗan'uwansa DC yake nunawa da kuma kansa, adireshin waje kuma wurinsa Forwarders. Bayan gyara:

`ipconfig /registerdns`
`net stop netlogon`
`net start netlogon`
`dcdiag /test:dns`

Hanya ta uku. Tsakanin Abuja da Jos akwai VPN da katangar tsaro a kowane gefe, kuma amsa ping ba shaida ba ce cewa hanya a buɗe take. Ana buƙatar ƙofa ta 53, 88, 135, 389 da 445, da kuma jerin ƙofofin RPC, hanyar da sabobi ke kiran juna, daga 49152 zuwa 65535. A Server 2008 da 2008 R2, DFSR na amfani da 5722. Gwada da PowerShell daga kowane ɓangare:

`Test-NetConnection DC-JOS -Port 135`

Idan an canja na'urar katanga ko kamfanin intanet kwanan nan, ka fara zargin nan. Sau da yawa akan buɗe 135 a manta da dogon jerin RPC, sai sabobin su gaisa amma su kasa magana.

Sai rumbun kansa:

`repadmin /replsummary`
`repadmin /showrepl`

Abin da kake so ka gani shi ne sifili a layin gazawa. Tsakanin garuruwa biyu da aka raba a Sites and Services, tazarar musaya ta asali minti 180 ce, ana iya rage ta zuwa 15, don haka jinkirin awa biyu ba ciwo ba ne. Lambobin kuskure su ne abin kallo. 1722 da 1753 hanya ce ko katanga. 8524 DNS ne. 5 ko -2146893022 yawanci agogo ne ko kalmar sirrin asusun sabar da ta saɓa.

Akwai lambobi biyu da idan ka gan su a kundin Directory Service, ka ajiye batun SYSVOL. Lamba 2042, wadda ke tafe da kuskure 8614, na nufin sabar ta daɗe a ware har ta wuce wa'adin da rumbun ke riƙe tarihin abubuwan da aka goge, wato kwana 180, ko 60 a tsofaffin domen. Lamba 2095 kuma na nufin an mayar da sabar baya ta hanyar tsohon hoton inji, lissafinta ya rikice. A duka biyun, hanya mafi tsabta ita ce a sauke sabar daga matsayin DC, a share ragowar bayananta daga rumbun, a sake ɗora ta.

Abin da DFSR ke faɗa da bakinsa

Idan duk na sama lafiya, buɗe Event Viewer, Applications and Services Logs, DFS Replication, a kan kowane DC. Kada ka tsaya a saƙon yau. Gangara baya har ka kai ranar da ja da rawaya suka fara, domin saƙon farko shi ne sanadi, sauran duk 'ya'yansa ne.

Lamba 2213 ita ce tamu ta nan ƙasar. Wuta ta ɗauke, batirin UPS ya riga ya gaji, janareta bai tashi da wuri ba, saba ta mutu ba sallama. Da ta dawo, DFSR ya ga rumbun lissafinsa bai rufu daidai ba, sai ya dakatar da musaya a wannan faifan yana jiran mutum ya ba shi izini. Haka Server 2012 ke yi tun asali, haka ma 2008 R2 da aka yi wa sabuntawa. Ba ya ƙara, ba ya aiko da saƙo, SYSVOL na nan a buɗe ma'aikata suna karanta tsohon abu. A Jos lokacin damina, ko'ina ma da wuta ke wasa, saba ɗaya tana iya shiga wannan hali a wayi gari ba wanda ya sani. Daɗin abin, saƙon 2213 da ke cikin kundin yana ɗauke da umarnin gyaran har da lambar faifan. Kwafe shi kai tsaye daga ciki:

`wmic /namespace:\\root\microsoftdfs path dfsrVolumeConfig where volumeGuid="lambar-faifan" call ResumeReplication`

Bayan haka ka jira lamba 2214, wadda ke nuna ya gama farfaɗowa. Wanda ke son sabar ta riƙa tashi da kanta sai ya mayar da StopReplicationOnAutoRecovery zuwa 0 a Registry, ƙarƙashin HKLM\System\CurrentControlSet\Services\DFSR\Parameters. A ganina, inda wuta ba ta da tabbas kuma DC ya fi ɗaya, yin hakan ya fi barin sa.

Lamba 4012 ita ce abin da 2213 ke zama idan an yi sakaci. DFSR na da wa'adin kwana 60. Sabar da ta wuce haka ba ta yi musaya da kowa ba, sai ya ɗauki abin da ke hannunta a matsayin wanda ya tsufa, ya ƙi bari ta shiga. Za ka ga masu ba da shawarar a ƙara yawan kwanakin MaxOfflineTimeInDays don a wuce wurin. Ban goyi baya ba, domin dokar da aka goge wata uku da suka wuce tana iya dawowa. Sannan ga tarko: a domen mai DC biyu kacal, idan ɗaya ya tsaya, ɗayan ma ba shi da abokin musaya, don haka mai lafiyar ma yana iya nuna 4012. Lambar kaɗai ba za ta gaya maka wa ke da gaskiya ba.

5002, 5008 da 5014 maganar sadarwa ce. Idan 5004 na biyo bayansu, layin ne ke yankewa yana dawowa, ba abin tashin hankali ba ne. Idan ba ya biyowa, koma kan DNS da katanga. 4614 da ba 4604 a bayanta na nufin sabar na jiran cikon farko da bai zo ba, abin da aka fi gani a sabon DC da aka ɗora alhali wanda zai ba shi yana kwance da 2213 ko 4012. Kada ka yaudari kanka da mayar da SysvolReady zuwa 1 a Registry, folda marar komai za ka buɗe wa mutane. Ka kuma leƙa ko faifan C ya cika, da ko manhajar kashe bairos tana riƙe fayilolin SYSVOL da na System Volume Information\DFSR.

Don ganin matsayin kowace saba a taƙaice:

`Get-CimInstance -Namespace root\microsoftdfs -ClassName dfsrreplicatedfolderinfo`

Duba State. 4 lafiya, 2 cikon farko, 3 farfaɗowa, 5 kuskure.

Wa ke riƙe da kwafin gaskiya?

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin gyaran da ke gaba yana sa wata saba ta watsar da nata ta karɓi na wata. Idan ka zaɓi wadda ba ita ba, kamar mai shago ne ya yaga sabon littafin bashi ya riƙe na bara.

Buɗe foldar Policies a kowane DC ka ƙirga foldoji masu dogayen sunaye cikin baka, ka kwatanta da yawan dokokin da ke Group Policy Management. PolicyDefinitions ba ta cikin lissafi. Tabbatar akwai wadda ta fara da 31B2F340 da wadda ta fara da 6AC1786C, su ne dokokin asali guda biyu na kowane domen. Buɗe GPT.INI na dokokin da aka taɓa kwanan nan ka ga ina lambar ta fi girma. Daga Server 2012, shafin Status a Group Policy Management yana da maɓallin Detect Now da ke yi maka wannan kwatancen. Yawanci PDC ne ke da sabon kwafi, saboda can manhajar ke rubuta sauyi in ba an canja mata ba. Amma ka tambayi abokin aikinka na reshe ko ya taɓa gyara wani rubutun shiga kai tsaye a sabar Jos. Idan ya yi, ka ciro shi daga kwafin da ka ajiye, ka mayar bayan an gama.

Idan saba ɗaya ce ta lalace

Mu ce Abuja lafiya, Jos ce za ta karɓa. Idan umarnin dfsrdiag babu shi a sabar, ɗora shi da `Install-WindowsFeature RSAT-DFS-Mgmt-Con`.

Buɗe ADSI Edit ka bi wannan hanya: OU=Domain Controllers, CN=DC-JOS, CN=DFSR-LocalSettings, CN=Domain System Volume, CN=SYSVOL Subscription. A cikin Properties ka mayar da msDFSR-Enabled zuwa FALSE. Karanta sunan sabar sau biyu kafin ka danna OK. Sai ka tura sauyin ko'ina, ka sa DC-JOS ya karanto shi:

`repadmin /syncall /AdeP`
`dfsrdiag pollad`

Na biyun a kan DC-JOS za ka gudanar da shi. Jira lamba 4114, alamar ya janye daga musaya. Kada ka ci gaba sai ka gan ta. Da ta fito, mayar da msDFSR-Enabled zuwa TRUE, ka maimaita umarnin biyu. Za ka ga 4614, daga baya 4604, an gama ke nan. Idan layin Jos yana rarrafe, ba shi lokaci, kada ka yi ta sake kunna sabis ɗin. Fayilolin da Jos ke da su waɗanda Abuja ba ta da su za su koma foldar PreExisting a cikin DfsrPrivate.

Idan duka sun tsaya

Wannan aikin bayan an tashi ne daga ofis, ko ranar Asabar. Tsayar da sabis ɗin DFS Replication a kan duk DC, ka mayar da tashinsa Manual. A kan wadda ka zaɓa, mu ce DC-ABJ, ka sa msDFSR-Enabled ya zama FALSE, msDFSR-Options kuma ya zama 1. Wannan 1 ɗin a saba guda tak ake sa shi. A kan sauran, FALSE kawai. Tura sauyin da repadmin, ka tabbatar ya isa kowace saba.

Kunna sabis ɗin a DC-ABJ kaɗai, ka jira 4114. Mayar da msDFSR-Enabled ɗinsa TRUE, tura sauyin, gudanar da `dfsrdiag pollad`. Lambar da kake nema yanzu 4602 ce, ita ke nuna ya zama tushen da kowa zai kwafa. Sai ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya: kunna sabis, ga 4114, mayar da TRUE, pollad, ga 4614 da 4604. A ƙarshe ka mayar da tashin sabis ɗin Automatic a ko'ina. Ana yawan mance wannan, sai a sake kunna saba a ga ciwo ya dawo.

Masu FRS

Kundinsu File Replication Service ne. 13508 ba tare da 13509 a bayanta ba na nufin sadarwa ta yanke, 13568 kuma lissafin sauye-sauyen faifai ne ya kuɓuce masa. A sabar da ta lalace ka rubuta `net stop ntfrs`, ka je HKLM\System\CurrentControlSet\Services\NtFrs\Parameters\Backup/Restore\Process at Startup, ka sa BurFlags ya zama D2, ka kunna sabis ɗin, ka jira 13516. D4 na sabar da aka zaɓa a matsayin tushe ne, kuma sai an tsayar da FRS a kan sauran duka. Da zarar ya warke, ka shirya ƙaura da `dfsrmig /setglobalstate` 1, sannan 2, sannan 3, kana duba `dfsrmig /getmigrationstate` kafin kowane mataki. Ba a fara ƙaurar sai matakin domen (functional level) ya kai 2008, kuma daga 3 ba komawa baya. Server 2019 ba zai yarda ya zama DC a domen da ke kan FRS ba, don haka ko ba yau ba sai an yi.

Tabbatarwa

Sake gwajin abj.txt da jos.txt, sannan ka goge ɗaya ka ga ko gogewar ma ta isa can. Duba ko akwai fayilolin da suka maƙale a layi, ta kowane ɓangare, kana musanya sunayen da ke gaban /smem da /rmem:

`dfsrdiag backlog /rgname:"Domain System Volume" /rfname:"SYSVOL Share" /smem:DC-ABJ /rmem:DC-JOS`

Gudanar da `dcdiag /test:sysvolcheck /test:advertising`. Sai ka kira akawun nan na Jos ka ce, "Malam, don Allah rubuta gpupdate /force, ka fita ka sake shiga." Idan faifan S ya fito, kuma lamba 1058 ta daina bayyana a kundin System na kwamfutarsa, aikin ya kai inda ake so.

Saura wutar da ta jawo abin. Yawancin UPS na saba suna da igiyar USB ko katin sadarwa da manhajar da ke kashe saba cikin tsari idan batir ya yi ƙasa, amma a ofisoshi da dama igiyar tana cikin kwalinta. Haɗa ta, saita ta, ka zare wutar bango da rana tsaka ka ga ko sabar za ta rufe kanta kafin batirin ya ƙare. Sannan a Task Scheduler ka ɗaura aiki a kan lamba 2213 da 4012 na kundin DFS Replication, wanda zai gudanar da ɗan rubutun PowerShell ya aiko maka da imel, a kan sabar Abuja da ta Jos duka.